Filin Tambaya da Amsa: Wace Gaɓa Ake Dannawa a Harɗaɗɗun Kalmomin Turanci?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa, kuma duk gida ɗaya suka nufa: kalmomin Turanci da ake ƙerawa daga kalma biyu, yadda ake raba su gaɓa-gaɓa, da gaɓar da ake ƙarfafawa wajen furuci. Zan riƙa rubuta gaɓar da ake ƙarfafawa da manyan baƙaƙe, yadda masu jarrabawa suke yi a takardarsu.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Bana zan rubuta WAEC. A darasin furuci an koya mana cewa idan kalma biyu suka haɗu suka zama ɗaya, ta farko ake ƙarfafawa, kamar blackboard. Da na duba ƙamus sai na ga headmaster da afternoon alamarsu tana kan kalma ta biyu. Malaminmu ne ya yi kuskure ko ƙamus?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba da sa'a. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Rabin zancen malaminku ya ba ku, wataƙila kafin ya kai ga sauran aka kaɗa ƙararrawa.

Mu fara da abin da ake nufi da ƙarfafa gaɓa, don yara da yawa sun ɗauka ihu ake yi a kanta. Idan Bature ya ƙarfafa gaɓa, yakan ɗaga murya a kanta, ya ɗan ja ta, ya ƙara mata amo, ya kuma fito da wasalinta sarai. Sauran gaɓoɓin sai ya bi ta kansu da hanzari, wani lokaci har wasalinsu ya shanye. Ɗaga muryar nan ita kunne ya fi saurin kamawa, kuma ita ce Bahaushe ba shi da wata damuwa da ita. Ke da kike bambanta wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar da ake sha, alhali rubutunsu ɗaya, ai kunnenki ya horu tun kina goye. Aikin kawai shi ne ki san inda za ki kai shi.

To, dokar malaminku gaskiya ce, kuma ita ta fi yawan aiki. Idan kalma biyu suka haɗu suka zama sunan wani abu takamaimai, galibi ta farko ake dannawa: BLACKboard, CLASSroom, TOOTHbrush, FOOTball, AIRport. Amma ki kula da dalilin, don dalilin ya fi dokar amfani. Idan aka ce black BOARD, da ƙarfi a ta biyu, katako ake nufi, kowane iri, wanda launinsa baƙi ne. Idan aka ce BLACKboard, allon aji ake nufi, ko da kuwa kore ne, kamar yadda ake gani a makarantu da yawa. Haka green HOUSE gida ne da aka yi wa koren fenti, GREENhouse kuwa ɗakin gilashi ne da ake renon tsirrai a ciki. Kowa na iya gina white HOUSE a unguwarsu, amma WHITE House guda ce, fadar shugaban Amurka. Ƙarfin da ya koma farko yana gaya wa mai saurare cewa an daina sifanta abu, yanzu sunansa ake kira.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinki. Farar hula a Hausa ba lallai ya sa hula ba, in ma ya sa tana iya zama ja. Wanda ba soja ba ne kawai ake nufi. Har sauya muryar ma muna yi. Ki ce “ta dafa duka”, sannan ki ce “ta yi mana dafa-duka”, ki saurari “da” ɗin farko. A jimlar farko muryarki tana sama, a sunan abincin kuwa ta yi ƙasa. Mu muna sauke murya don mu nuna an ƙulla kalma biyu, su suna jawo ƙarfi zuwa farko.

Ga inda abin yake da daɗi. ENGlish teacher malamin da yake koyar da Turanci ne, ko ɗan Sabon Gari ne ko ɗan Tudun Wada. English TEACHer kuwa malami ne ɗan ƙasar Ingila, ko lissafi yake koyarwa. Haka kalmomin da rabinsu na farko ya ƙare da -ing: WALKing stick, DRINKing water, SEWing machine, WAITing room, duk ƙarfinsu a farko yake, domin amfanin abin ake faɗa: sandar dogarawa, ruwan sha, keken ɗinki, ɗakin jira. Amma sleeping BAby da running WAter ƙarfinsu a ƙarshe yake, domin jaririn ne yake barcin, ruwan ne yake gudun. Ki tambayi kanki: abin ne yake aikin, ko da shi ake aikin? Wanda ya ce walking STICK ya ce sanda ta tashi tana tafiya da ƙafarta.

Yanzu ga rabin da ba a kai gare shi ba. Akwai gungun kalmomi da ƙarfinsu yake zuwa a kalma ta biyu. Idan ta farko tana faɗin abin da aka yi kayan da shi, sai a ce paper BAG, cotton SHIRT, brick WALL, gold RING. Ki gwada paper BAG, jakar da aka yi da takarda, da PAper clip, ɗan ƙarfen da ake maƙale takarda da shi. Na biyun ba da takarda aka yi shi ba, shi ya sa ya koma dokar farko. Idan ta farko tana nuna wuri ko lokaci ma sau da yawa haka ne: kitchen SINK, city CENtre, Monday MORNing. Harɗaɗɗun sifofi irin su well-KNOWN, good-LOOKing da old-FASHioned su ma a baya suke ɗaukar ƙarfi, sai fa waɗanda suka fara da suna, irin HOMEsick da WAterproof. Sai kuma aikatau mai ɗan wutsiya: mota takan break DOWN, amma abin da ya same ta BREAKdown ne, malamin jami'a yakan hand OUT takardu, takardar kuwa HANDout ce, abin da aka yi mana a 2020 LOCKdown ne. Wannan ta ƙarshen ki riƙe ta da kyau, don masu jarrabawa suna son irin wannan tagwaye.

Akwai kuma waɗanda ban ga amfanin nema musu dalili ba. A Turancin Ingila ana cewa apple PIE amma APple cake, ana cewa ORange juice. Sunan titi ma haka: duk wanda ya ƙare da Road, Avenue, Way ko Square ƙarfinsa a ƙarshe yake, amma Street ita kaɗai ta fita zakka, ta mayar da ƙarfi farko. A Landan akwai OXford Street da DOWNing Street, ga kuma Trafalgar SQUARE. Da wannan ma'auni, na Kano Zoo ROAD ne, na Legas kuwa BROAD Street. HeadMASter da afterNOON ɗinki a wannan jaka za ki jefa su, tare da downSTAIRS da himSELF. Haddace su ake yi, ba sa kuma da yawan da za su gagare ki.

Turawan kansu ba bakinsu ɗaya ba. Mutumin Ingila yakan ce weekEND, ice CREAM, headQUARters. Na Amurka ya ce WEEKend, ICE cream, HEADquarters. Mu kuma a nan mun fi karkata ga tura ƙarfi baya, shi ya sa kike jin fireWOOD, classROOM da workSHOP a bakin mutane, har da masu digiri. A ganina wannan ba abin kunya ba ne a tsakaninmu, tunda muna fahimtar juna, kuma ba na son malamin da ke kunyata yaro a kansa. Amma takarda ta uku ta WAEC, mai tambayoyi 60 a kan furuci, furucin Ingila take aunawa. Saboda haka idan ƙamus ya ba ki iri biyu, ki ɗauki na Ingila.

Ga yadda nake sa ɗalibai su yi. Ki buɗe ƙamus ki nemo ɗan karan da ke tsaye a sama, gaban gaɓa; wannan gaɓar da ke biye da shi ita ce mai babban ƙarfi, wanda ke ƙasa kuwa ƙaramin ƙarfi yake nunawa. Sai ki cire baƙaƙen duka ki rera kalmar da “la” kawai, yadda kalangu yake faɗin kirari ba baƙi ba wasali: blackboard LA-la, headmaster la-LA-la, afternoon la-la-LA. Ki riƙa buga tebur da yatsa a kan LA ɗin. Idan waƙar ta zauna a kunne, sai ki mayar da baƙaƙen. A zauren jarrabawa ba a hana mutum rera waƙa a zuciyarsa.

Tambaya ta biyu, daga wani malamin firamare a Gusau: Malam, barka da aiki. Yarana 'yan aji biyar suna karanta uphill kamar “ufil”, shepherd kuma “shefad”, saboda na koya musu cewa p da h idan sun haɗu f suke bayarwa. Yaya zan koya musu raba irin waɗannan kalmomi?

Malam, barkanmu dai, Allah Ya saka da alheri a kan wannan aiki. Yaranka sun yi biyayya ne, dokar da ka ba su suka bi. Abin da ya rage ka ƙara musu shi ne wata doka da ke gaban waccan: kafin a karanta doguwar kalma, a duba ko kalma biyu ce aka liƙa. In haka ne, a mahaɗarsu ake fara yankawa, kuma harufan da suka haɗu a mahaɗar maƙwabta ne kawai, kowa da gidansa. Up-hill, p daban h daban. Pot-hole, light-house, foot-hill: wannan t da h ba su ne na “think” ba. Grass-hopper babu “sh” a cikinta. Shep-herd ma daga sheep da herd ta fito, sai dai ta tsufa har h ɗin ta yi shiru, ana cewa “shepad”.

Ka rubuta kalmar a allo da alli kala biyu, kowane rabi da kalarsa, ko ka sa yaro ya rufe rabin da hannu ya karanta ɗayan. Bayan an raba gida biyu, sai a raba kowane gida yadda aka saba: news-pa-per, grand-mo-ther, bas-ket-ball. Wajen ƙirga gaɓa kuwa, ka hana su ƙirga haruffa. Sometimes tana da haruffan wasali huɗu, amma gaɓarta biyu ce. Homework da toothpaste ma biyu-biyu. Su sa bayan hannu a ƙarƙashin haɓa su faɗi kalmar a hankali. Duk sanda haɓa ta sauko ta taɓa hannu, gaɓa ɗaya ke nan. Yara suna son wannan, sai dai ka shirya wa dariya.

Wahalar da za ka gamu da ita daga harshenmu take. Gaɓar Hausa ba ta tara baƙaƙe biyu a farkonta ko a ƙarshenta, Turanci kuwa yana jera su, musamman a mahaɗar kalma biyu. Shi ya sa bakinmu ke cusa wasali: screwdriver mai gaɓa uku ta zama sukudireba mai biyar, loudspeaker mai uku ta zama lasifika mai huɗu. A Hausa waɗannan daidai suke, namu ne yanzu. Amma idan yaro yana karanta Turanci, kowane wasalin da ya cusa gaɓa ce ya ƙara, kuma da gaɓa ta ƙaru sai ƙarfi ya rasa mazauninsa. Ka kwantar musu da hankali da cewa Turawan ma cunkoson yana damunsu, sai dai su zubar da baƙi suke yi maimakon ƙara wasali. A maganar yau da kullum t ɗin postman da na textbook sukan faɗi, d ɗin grandmother ma haka, handbag kuwa takan fito kamar “hambag”.

Wasu kalmomin sun daɗe da haɗewa har rabinsu na biyu ya lotse. Breakfast ba “brek-fast” mai cikakken a ba ce. Wasalin ƙarshen ya koma wannan ɗan raunannen sauti da ƙamus ke rubutawa kamar e da aka kifa, wanda ya fi kowane wasali yawa a Turanci. Haka man ɗin chairman da gentleman, da land ɗin England. Cupboard daga cup da board take, amma p ta mutu, board ta ƙanƙance. Kakanninmu da suka ji ta daga bakin Turawan mulki suka ce kabad, suka ji handkerchief suka ce hankici, babu d. Sun fi ɗan boko mai karanta “kof-bod” kusa da gaskiya, don su da kunne suka ɗauka, shi da ido.

Abu ɗaya kuma da yaranka suka fi ɗan Bature saurin ganewa idan aka yi musu bayani: shadda. A kalmar Turanci tilo, harafi biyu iri ɗaya ba ya nufin a ninka sauti. Letter, dinner da happy duk baƙi ɗaya ake furtawa a tsakiyarsu, mu ne muke ɗora musu shadda saboda rubutu. Amma a mahaɗar kalma biyu ana ninkawa da gaske: room-mate, mid-day, lamp-post, night-time. Book-case ma shadda ce, ko da yake k da c aka rubuta, haka pen-knife da k ɗinta ba ta magana. Ka ce musu su riƙe baƙin yadda suke riƙe na “hannu” da “babba”. Yaron da ya je makarantar allo ba ya buƙatar a faɗa masa sau biyu.

Tambaya ta uku, daga wata mai buga takardu a kwamfuta a Zangon Kumasi: Malam, ina wuni. Wani lokaci in ga kalma a haɗe, wani lokaci da karan ɗori, wani lokaci a rabe. Shin rubutun ne yake nuna inda ake ƙarfafawa? Kuma idan layi ya ƙare, a ina zan yanka kalma?

Lafiya lau, 'yar'uwa, a gaida mutanen Zango. Rubutun ba ya nuna komai a kan wannan. POST office, BUS stop da PHONE number a rabe ake rubuta su, amma furucinsu na kalma ɗaya ne, ƙarfi a farko. AfterNOON a haɗe take, ƙarfinta a ƙarshe. Karan ɗorin kansa ba shi da tabbas: a 2007, da aka sake buga ɗaya daga cikin manyan ƙamusoshin Oxford, an cire shi daga kalmomi wajen 16,000, wasu aka haɗe su, wasu aka raba, har da ice cream. Ki zaɓi ƙamus ɗaya ki bi shi, kada kalma ta fito da kama biyu a takarda ɗaya. Wannan shi mai takarda zai lura da shi.

Yanka kuwa a mahaɗa ake yi, kamar yadda na gaya wa malamin Gusau. No-where, ba now-here ba. Man-slaughter kisan kai ne ba da niyya ba. In kika yanka ta mans-laughter a takardar lauya, kin mayar da kisa dariya. Kalmar da ta riga ta zo da karan ɗori, irin self-control ko mother-in-law, a kan karan nata ake yankawa, ba a ƙara mata wani. Kalma mai gaɓa ɗaya ba a yanka ta ko ta kai tsawon “strength”. Ɗige-ɗigen da wasu ƙamusoshi suke sawa a tsakiyar kalma, musamman na Amurka, don wannan aikin naki aka yi su, ba ko yaushe suke daidai da gaɓoɓin furuci ba.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Malam, ni ba ɗan makaranta ba ne, amma ina ciniki da baƙi ta waya. Sau da yawa fifteen da fifty suna rikita mu. An ce mini ɗaya a farko ake dannawa, ɗaya a ƙarshe, amma ni ina jin su ɗaya.

Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa. Kunnenka lafiyarsa lau. Idan lambar ta tsaya ita kaɗai, fifTEEN ce da FIFty, bambancin a fili yake. Amma Turanci ba ya son gaɓa biyu masu ƙarfi su yi karo, saboda haka idan wata kalma mai ƙarfi a farkonta ta biyo baya, sai ƙarfin fifteen ya gudu gaba: FIFteen THOUsand. Haka ake yi wa afterNOON ta koma AFternoon TEA, well-KNOWN ta koma WELL-known TRADer. Ka ga ke nan a daidai wurin da ake faɗin kuɗi ne bambancin ƙarfin yake ɓacewa, sai dogon wasalin “tiin” da n ɗin ƙarshe kaɗai suka rage, su kuwa waya takan cinye su. In naira ce ta biyo baya kai tsaye, fifteen naira tana da shadda a kan n, fifty naira ba ta da ita, amma wa ke cinikin naira 15 yanzu?

Su kansu Turawan idan magana ta kai ga kuɗi sukan bi lambar ɗaya-ɗaya: one-five ko five-zero. Kai ma ka yi haka, sannan ka ce ya turo maka adadin a rubuce ta WhatsApp kafin a ɗaure kaya.